Ranar da Aka Duba Gidan Babanmu

Baba ne da bakinsa ya kawo maganar mai duba gida, ba ni ba, ba kuma yayana Glen ba. Na fara da wannan ne saboda har yau akwai dangin da suke ganin mu 'ya'yansa muka haɗa masa tarko.

Tun bayan rasuwar Mama kowa ya yarda gidan ya yi masa girma. Tsohon bene ne a garinmu na bakin tafki, can arewacin jihar Ohio ta Amurka, ga matakala mai tsayi, ga ƙanƙarar da sai an kwashe a ƙofar gida duk hunturu. Shi ma Baba bai yi musu a kan sayarwa ba. Rigimar ita ce inda zai koma. Shi so yake ya kama ɗan ƙaramin gida kusa da coci, ya zauna shi kaɗai, ya dafa kofinsa, ya fita lokacin da ya ga dama. Glen kuwa ya kafe sai gidan kula da tsofaffi, inda ake miƙa wa mutum magani a hannu, a tsaya a ga ya haɗiye.

Glen a Arizona yake zaune, inda ba a san sanyi ba, sai Kirsimeti muke ganin fuskarsa. Amma daga can yake gano ciwon Baba ta waya. Wai Baba ya maimaita masa labari ɗaya sau biyu, wai ya taɓa ɓata a hanyar dawowa daga coci. Ni da nake kai masa miyar kabeji duk mako na ce ban ga komai ba sai tsufa, kuma ni ma da ban kai shi shekaru ba nakan nemi tabarau alhali yana kaina. Abin ya kai ni da Glen ba ma gama waya sai ɗayanmu ya kashe wa ɗaya.

Wata Lahadi na ajiye wayar a kan teburin kicin ɗin Baba, na buɗe murya, muka sake ɗauko zancen. Baba ya saurara har Glen ya gaji, sannan ya sunkuyo kan wayar.

"Ka gama, likita?"

"Baba, ba wasa nake ba."

"Ni ma ba wasa nake ba. Ka ce kaina ya fara lalacewa. To, gidan nan kaina ne. Tun kana tsumma babu ƙusa ɗaya da wani ya buga a cikinsa in ba ni ba. Kafin a kafa allon sayarwa, a kira mai duba gida ya bi shi daga rufi har ƙasa. In ya sami aibi ɗaya da hannuna ya yi, ka zo ka kai ni inda kake so, ba zan ce uffan ba. In bai samu ba, ka rufe mini baki, ka koma ka sha ranarka."

Glen ya ce ya yarda. Ni kuwa daɗi ya kama ni, don na san mun ci. Baba ya ƙare ƙuruciyarsa a masana'anta yana yanka ƙarfe yana lanƙwasa shi, kuma bai taɓa barin mai gyara ya taka gidan nan ba. Maƙwabta in famfonsu ya lalace shi suke kira. Dillaliyar da za ta sayar ta ce ba dole ba ne, ai mai saye zai kawo nasa mai dubawa in lokaci ya yi. Baba ya ce mata shi ba ya jiran baƙo ya zo ya nuna masa datti a ɗakinsa.

Aka sa rana a ƙarshen Oktoba. Ganye ya gama zuba, Baba kuma ya gama abin da yake kira shirin sanyi, wanda tun muna yara yake yi kamar ibada. Ya share indararo, ya tsiyaye famfon waje, ya bi tagogi ya manna musu leda, ya bi duk wata kafa da iska ke shigowa ya toshe. Yakan jiƙa bayan hannunsa ya bi bango a hankali, in ya ji sanyi ya taɓa shi, to kafar nan ta shiga uku.

Da safen ranar na same shi ya yi aski, ya sa rigar zuwa coci, ya dafa kofi, har ya sayo donat, irin fanken Turawa. Mai dubawar mace ce, sunanta Yolanda, doguwa, ta kusa sa'ata. Ta sauko daga mota da tsani a kafaɗa, tocila a ƙugu, da wata 'yar na'ura maƙale a ƙirjin rigarta. Ta gaishe shi, ta ce yawancin masu gida sukan fita su ba ta wuri.

"Ni in fita a duba gidana a bayan idona?" in ji Baba. "'Yata, ko limamin cocinmu bai isa ba. Ɗauki donat, ki wuce gaba, ina biye."

Ta yi dariya ta ce, "To, Mista Kovak, amma duk abin da na gani zan faɗa, ko da donat a bakina."

"Shi na kira ki ki yi."

Ta hau rufi, ya riƙe mata tsani yana ba ta labarin shekarar da ya sake rufin shi kaɗai, Mama tana ƙasa tana yi masa ihu ya sauko. Yolanda ta daɗe a sama. Da ta sauko ta kakkaɓe gwiwarta ta tambaye shi wa ya yi ƙarfen da ke kewaye da bututun hayaƙi.

"Me ya yi?"

"Babu. So nake in ɗauki hotonsa in nuna wa masu rufin zamani, ko sa ji kunya."

Baba ya juyo ya kalle ni, ya ɗaga gira. "Darlene, aika wa likita."

Na aika. Duk ɗakin da muka fita sai na aika wa Glen saƙo, ina yi ina jin daɗin mugunta. Ta gwada wuta, ta buɗe famfuna, ta leƙa ƙarƙashin kowane bahon wanka, ta shiga saman silin da rarrafe ta fito da yanar gizo a kanta. Abin da ta samu kawai tsaga ce a siminti na hanyar shiga gida, inda saiwar bishiya ta ɗaga shi. Baba ya ce wannan aikin Allah ne, ta rubuta da sunan mai shi. Muna saukowa daga bene ya sake ba ta labarin rufin da ihun Mama, tun daga farko, da dariyarsa a daidai inda ya yi ta ɗazu. Yolanda ta saurara kamar ba ta taɓa ji ba, ni kuma na sunkuyar da kai kan wayata.

Ɗakin ƙarƙashin ƙasa ne na ƙarshe. Nan teburin aikinsa yake, kusan kowane kayan aiki a rataye a mazauninsa, nan kuma tukunyar ɗumama gida take, tsohuwa mai aiki da gas, ya goge ta tana ƙyalli. Yolanda ta tambaye shi yaushe rabon da ya kunna ta.

"Tun ƙarshen hunturun da ya wuce. A gidan nan ba a kunna ɗumi kafin Nuwamba. Wanda ya ji sanyi ya ƙara riga."

"Haka babana yake cewa," in ji ta. "Mun sha wahala a hannunku."

Ta kunna. Wuta ta kama shuɗiya, tukunyar ta soma gurnani, Baba ya harɗe hannu yana murmushi. Muna tsaye muna hira, ba a fi 'yan mintuna ba, sai na'urar da ke ƙirjin Yolanda ta tsandara ƙara. Fuskarta ta canza nan take. Ta kashe gas, ta kai hannu ta yage ledar da ke 'yar tagar ɗakin, ta tura tagar waje.

"Ku fita. Yanzu."

"Ke, ledar nan jiya-jiya na..."

"Mista Kovak, ka fita, don Allah."

Muka tsaya a farfajiya, ta koma ta bubbuɗe ƙofofi. Babu wanda ya buƙaci bayani. Duk wanda ya girma a ƙasar sanyi ya san hayaƙin gas, ba shi da wari, ba shi da launi, kuma kowa ya san wani gida da aka kwanta lafiya aka wayi gari babu mai motsi. Balle gidan Baba, wanda ya toshe har iska ba ta samun hanyar numfashi. Na zauna a kan matakalar ƙofa.

"Hayaƙin ba ya fita," in ji Yolanda da ta dawo. "Wani abu ya tare bututun."

"Kurege ne," Baba ya ce. "Ko sheƙar tsuntsu. Sun taɓa yi mini."

"Kurege ne mana," na ce, da ƙarfi fiye da yadda na yi niyya. "Wannan ai ba laifin kowa ba ne."

Yolanda ta ce ta leƙa bututun daga sama ɗazu, ba ta ga sheƙa ba.

Da iska ta wanke gidan muka koma ƙasa. Ta ce ita aikinta dubawa ne, ba ta kwance kayan mutane, sai dai a kira mai gyara. Baba ya yi tsaki, ya ciro sukudireba daga bango ba tare da ya duba ba, ya kwance guntun bututun da ya haɗa tukunyar da bango. Ya sauke bututun, Yolanda ta haska tocila a ciki.

Ba kurege ba ne. Wani faifan ƙarfe ne, an yanka shi daidai bakin bututun, an zaunar da shi ya rufe ruf, an bi gefensa da gam ko ƙofar allura ba a bari ba.

"Wane jakin ne ya yi wannan?" Baba ya daka tsawa har na zabura. "Wane mahaukaci ne zai toshe hanyar hayaƙi? Wannan ai kisan kai ne! Darlene, wa kika bari ya shigo mini gida? Mutumin gas ne? Ko Glen ne ya turo wani?"

"Baba, ba wanda ya shigo."

Ya sa bakin sukudireba ya ɓamɓaro faifan, ya juya shi a tafin hannunsa. Bayansa ja ne, da ragowar rubutu a jiki. Gwangwanin kofinsa ne, irin wanda shi kaɗai yake sha a duk danginmu. An naɗe bakin faifan ninki biyu, sumul, yadda ba zai yanki hannu ba. Tun ina ƙarama na san wannan naɗin, yana jikin kowane ƙarfe da ya taɓa fita daga hannunsa, don yakan ce ƙarfe mai kaifin baki aikin rago ne. Yolanda ta kawar da tocilarta gefe, amma hasken ya faɗa kan teburin aikin, ga gwangwanin nan a ajiye da ƙaton rami a jikinsa, ga almakashin ƙarfe kusa da shi.

Baba ya daɗe yana bin bakin faifan da babban yatsansa.

"Hannuna ne," ya ce a hankali.

Ya sake juya faifan a hannunsa.

"Da alama sanyi na ji yana shigowa ta nan, na bi shi na toshe. Haka zan yi." Ya ɗago ya dubi Yolanda. "Amma ban tuna ba. Ko kaɗan ban tuna ba. Ina kallonsa kamar aikin wani."

"Aikin ya yi kyau, Mista Kovak," in ji ta, muryarta a ƙasa.

"Ya yi kyau," ya ce. "Da bai yi kyau ba, da hayaƙin ya sami hanya."

Ya ja kujerar aikinsa ya zauna. Ban taɓa ganin Baba ya zauna a ɗakin nan da aiki a buɗe ba. Tausayinsa ya kama ni, haushin Glen kuma ya taso mini, don ba abin da ya fi ciwo irin wanda ba ya nan ya zama shi ne da gaskiya.

Na ja Yolanda muka hau kicin. Na ce mata ai an cire abin, an gyara, me za ta rubuta? Na gaya mata yarjejeniyar da ke tsakanin Baba da Glen, ina magana ina share hawaye da tsumman kicin.

"Abin da na gani zan rubuta," ta ce. "An toshe bututu, an buɗe, a kira ƙwararre ya sake dubawa. Wanda ya toshe ba aikina ba ne, ni gida aka kira ni in duba." Sannan ta ƙara da cewa, "Amma, 'yar'uwa, an ce sanyi zai sauko ƙarshen makon nan. Da ban zo yau ba, da shi zai kunna."

Na ji abin da ta faɗa, amma farkon maganar na riƙe. Na sauka da sauri na durƙusa a gaban Baba.

"Baba, ba za ta sa sunanka ba. Glen ba sai ya sani ba. A sabon gidan ma babu irin wannan tukunyar, masu gidan ne ke kula da ɗumi. Zan riƙa zuwa kullum. Kuskure ɗaya ne, a shekara nawa? Kowa yana kuskure."

Kamar bai ji ni ba. Idonsa yana kan kayan aikin da ke rataye a bango, yana bin su ɗaya bayan ɗaya, leɓensa yana motsi.

"Darlene, na je gidanki?"

"Yaushe?"

"Shirin sanyi. Na yi miki na bana?"

Sai a lokacin na gane inda ya dosa. Ya je, makon da ya wuce, kamar yadda yake zuwa duk shekara. Na ba shi makulli na tafi aiki, na dawo na tarar da tagogi sun sha leda, shi kuma yana wanke hannu yana cewa mijina bai iya komai ba sai kallon ƙwallo.

"Ka je, Baba."

"Na sauka ƙasa?"

"Ban sani ba. Ba na nan."

"Kin kunna ɗumi?"

"Nuwamba bai yi ba."

Ya rufe ido. Da ya buɗe sai ya miƙe, ya hau matakala yana dafa bango, ya sami Yolanda tana ɗaure tsaninta a kan mota.

"'Yata, kina da wani aikin yau?"

"Akwai ɗaya da yamma."

"Ki roƙe su su yi haƙuri. Akwai wani gida da nake so ki duba, nan kusa ne. Wani tsoho ya shiga ya yi gyare-gyare, ba wanda ya san me ya taɓa."

Yolanda ta dube ni, ta dube shi, ta ciro wayarta.

A motata muka tafi, tana biye da mu. Da muka isa na zagayo na buɗe masa ƙofa, ya girgiza kai.

"Ku shiga. Ni nan zan zauna."

"Baba, akwai sanyi. Ka shigo ko kofi ka sha."

"In na shiga zan ga abin gyara."

Ya cusa hannayensa biyu ƙarƙashin cinyoyinsa, kamar yaron da aka kai kanti aka ce kada ya taɓa komai. Haka na bar shi.

Yolanda ta fara da ɗakin ƙasa. Ta leƙa bututu, ta kunna ɗumi, muka tsaya muna kallon na'urar ƙirjinta. Na'urar ba ta ce komai ba. Ta bi murhu, ta bi injin busar da kaya, ta bi wayoyin wuta, ta bi duk inda sabon gam ko sabuwar ƙusa ta nuna hannu ya taɓa. Duk tagar da muka wuce sai na leƙa. Yana nan yadda na bar shi, kansa a sunkuye, rigar cocinsa ta yi masa yawa a kafaɗa.

A ƙarshe ta kashe tocila ta ce, "Lafiya lau. Ya canza miki matatar iska, ya gyara wani famfo da ke ɗiga, ya ɗaure ƙarfen matakala. Babu kuskure ko ɗaya."

Na fita da gudu kamar yarinya, na buɗe ƙofar motar.

"Baba, lafiya lau! Komai daidai ka yi. Ta ce babu kuskure ko ɗaya. Ka gani? Sau ɗaya ne kawai, Baba, sau ɗaya."

Ya sauke wani dogon numfashi, kafaɗunsa suka saki. Hawaye ya gangaro masa, bai ciro hannu ya share ba.

"Mun gode Allah," ya ce. "Yanzu kira ɗan'uwanki."

"Baba, ka ji abin da na ce kuwa? Lafiya lau yake."

"Na ji, 'yar nan. Amma ni na yi aikin, kuma ban san lafiya lau yake ba sai da kika faɗa."